Waiwaye Adon Tafiya: Tsokaci Kan Tunawa Da Gidajen Silimar Da Suka Shuɗe

Gabatarwa

Duk wanda ya san Kano ya san gari ne mai riƙon tarihi. Yaro ƙarami ma in ka tare shi a hanya zai nuna maka Dala da yatsa, ya ce a can Barbushe ya zauna. In kuwa ka sami dattijo a zaurensa, sai ya jero maka sarakuna tun daga Bagauda har zuwa na zamaninmu bai yi tuntuɓe ba. Muna da ganuwa da ƙofofinta, muna da Kurmi da marinar Ƙofar Mata, ga kuma Gidan Makama inda aka tara kayan da. Amma fa idan mutum ya natsu ya duba, zai ga yawancin abin da muka riƙe tarihin sarauta ne da na yaƙi, sai na manyan malamai da attajirai. Wuraren da talaka ya je ya kashe kwabonsa domin ya huce gajiya, su kam da zarar sun rufe sai ƙura ta binne labarinsu, kamar ba a taɓa yin su ba.

Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in ja hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare, watau gidan silima. Zan fara da labarin wani gari na Turai wanda ya kafa alama a tsakiyar dandali domin tunawa da gidan silimarsa da abin da ya auku a cikinsa. Daga nan in dawo gida, in waiwayi namu gidajen silimar da suka shuɗe, sa'an nan in faɗi ra'ayina game da irin alamar da ta dace da mu, da kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu masu nazarin Hausa.

Abin Da Ya Auku A Paisley

Paisley gari ne a ƙasar Sikotlan, yamma kaɗan da birnin Gilasgo. Gari ne na masaƙa da masu murza zare, har ma akwai wani zane na tufafi da ya shahara a duniya da sunan garin. A ran 31 ga watan Disamba na 1929, watau jajiberen sabuwar shekararsu, yara fiye da 700 suka cika wani gidan silima mai suna Glen domin kallon fim ɗin kaboyi da rana. Iyaye da yawa sun tura 'ya'yansu ne don su sami sararin share gida da shirin biki, kamar dai yadda uwa a nan take korar yara waje ran jajiberen salla.

A wancan zamani fim a kan wani irin faifai ake naɗe shi, wanda aka yi da sinadarin naitaret. Shi wannan sinadari ɗan'uwan albarushi ne, da ya ji zafi sai ya kama, in ya kama kuwa ko ruwa aka tsoma shi ba lalle ya mutu ba, domin iskar da wuta take bukata tana cikin jikinsa. To, a ran nan an gama nuna faifai guda, aka sa shi cikin gwangwaninsa na ƙarfe, sai ya fara fitar da baƙin hayaƙi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna an ɗora gwangwanin ne bisa batir, shi ya jawo tartsatsin. Hayaƙi ya shiga inda yara suke, aka yi ihun gobara, yara suka ruga gaba ɗaya zuwa ga wata ƙofa da ke fita wani lungu mai suna Dyers Wynd, watau lungun marina. Ƙofar nan ta ciki take buɗewa, ga ta kuma a garƙame. Na gaba suka kasa buɗewa, na baya suka yi ta turowa, har suka tattake juna. Yara 69 suka rasu a ranar, daga baya adadin ya kai 71. Abin tausayi, wuta ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, cunkoso ne da rashin numfashi suka yi ajalinsu.

An gurfanar da manajan gidan gaban shari'a a 1930, kotu ta sallame shi. Amma hukuma ba ta tsaya nan ba, sai da aka gyara dokokin gidajen kallo: aka wajabta ƙofofin fita su riƙa buɗewa ta waje, a sa musu sandar da in an tura ta ƙofa za ta buɗe da kanta, aka kuma ƙayyade yawan mutanen da kowane gida zai ɗauka. A maƙabartar Hawkhead, inda aka binne da yawa daga cikin yaran, an kafa dutse ɗauke da sunayensu. Ginin silimar kuwa daga baya aka mai da shi kanti.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, mutanen garin ba su ce magana ta ƙare a maƙabarta ba. Kowace ran 31 ga Disamba sukan taru a tsakiyar gari su tuna da yaran. A 2019, da abin ya cika shekara 90, sun yi jerin gwano da fitilu. Sa'an nan a ƙarshen 2021, shekara 92 ke nan bayan aukuwar abin, aka buɗe wata alama a dandalin Dunn, wadda wasu mata biyu masu fasaha, Kerry Stewart da Rachel Lowther, suka ƙera bayan sun zauna da jama'ar garin sun saurare su. Sunan aikin Rattle / Little Mother, watau kacau-kacau da ƙaramar uwa. Siffarsa ta kacau-kacau ce irin ta wasan jarirai, amma an girmama ta, a bisanta ga wata yarinya riƙe da ƙaramin yaro.

Ni a hoto na ga wannan aiki, kuma na daɗe ina dubansa. Masu aikin sun bar hayaƙi da ƙofa da gawa, suka ɗauko yarinya mai raino, domin a ran nan yara da yawa da ƙannensu suka je, an damƙa musu amana. Kowane Bahaushe ya san wannan yarinya. Ita ce yayar da ake ɗaura wa goyo ita ma ba ta gama girma ba, a ce ta je ta dawo da shi lafiya. Daɗin daɗawa, irin waɗannan kayan wasa a wancan zamani da sinadari ɗaya ake yin su da faifan fim, ashe ke nan abin da aka yi wa jariri abin rarrashi da shi, shi ne ya tayar da hayaƙin. Wanda ya san wannan, in ya tsaya gaban alamar, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Gidajen Silimar Kano

Hoto mai motsi ta hanya biyu ya shigo ƙasar Hausa. Hanya ta farko ita ce majigi, wanda gwamnatin Turawa take ɗorawa a mota a bi gari gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a nuna wa jama'a kyauta yadda ake tsabta da noman auduga da biyan haraji. A irin wannan ne mutane suka san Baban Larai. Hanya ta biyu ita ce silima ta kuɗi, wadda 'yan kasuwa, galibinsu Kwarori, suka giggina. A Kano gidan Rex ne aka fara buɗewa a 1937, a wajen ganuwa, wajen da aka keɓe wa baƙi. Bayansa aka yi El Duniya da Palace, daga baya kuma irin su Plaza da Orion da El Dorado da Queens da Marhaba suka biyo.

Tun farko dai Kanawa ba su karɓi abin hannu biyu ba. Sunan da aka fara laƙaba wa hotunan ma ya isa shaida, watau dodon bango. Kakata har ta koma ga Allah haka take kiran talabijin, in mun kunna sai ta juya mata baya. Da aka zo gina Palace a farkon shekarun 1950, a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ƙura ta tashi ƙwarai, domin a ganin malamai da dattawa an ɗauko abin da yake na waje an shigo da shi tsakar gida. Duk da haka gidan ya buɗe, ya yi shekara 30 da 'yan kai yana aiki, har zuwa 1983 da Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe shi aka mai da shi asibiti.

Amma ƙin da manya suka yi bai hana samari tururuwa ba. Wani kawuna, tela ne a Fagge, ya sha ba ni labarin yadda suke yi suna samari. Sai an yi sallar lisha, maigida ya shiga turaka, su sulale ɗaya bayan ɗaya su haɗu a bakin Plaza, kowa da sulallan da ya tara na ɗinkin mako. Ya ce fim ɗin Indiya guda sai su kalle shi sau biyar ko shida, har su haddace waƙoƙin ba su san ma'anar kalma ko ɗaya ba. In ya zo nan a labarin sai ya rage murya, ya duba ko akwai wani babba kusa, alhali kuwa a lokacin shi ne babba a gidan. Wannan rage murya tasa ita ce ta fara nuna mini dalilin da ya sa tarihin silima bai shiga bakin mutane ba. Abu ne da dubban mutane suka yi, amma kowa a ɓoye ya yi shi.

Ɓoyon bai hana abin barin sawu a harshenmu da adabinmu ba. Daga silima yara suka samo bos da akta, har suka shiga wasanninsu na dandali. 'Yan kallo suka yi wa taurarin Indiya laƙabi irin namu, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Fim ɗin Mother India na 1957 ya yi shekaru ana maimaita shi ana cika gida. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge sun juya karin waƙoƙin Indiya zuwa Hausa, haka nan a Kano an yi ƙungiyar masu bege mai suna Ushaƙu Indiya, waɗanda suke ɗaukar karin su ɗora masa yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Littattafan soyayya da suka ɓarke a ƙarshen shekarun 1980, da finafinan bidiyo da suka fara da Turmin Danya a 1990, duk wanda ya nazarce su ya san sun sha daga wannan rijiya. Ke nan mai son ya fahimci adabin Hausa na zamani, tilas ya bi ta ƙofar gidan silima, ko yana so ko ba ya so.

Mutuwar gidajen kuwa sannu a hankali ta zo. Dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa mallakar gidajen ta sauya hannu. Talabijin ta shigo gidaje, rikodar bidiyo ta biyo ta, mutum ya sami damar kallo a ɗakinsa da iyalinsa ba wanda zai zarge shi. Karyewar darajar Naira daga 1986 ta sa sayo faifai daga waje ya yi tsada. Da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kuma kafa hukumar tace finafinai ta jiha a 2001, sai sharuɗɗa suka daɗa tsauri. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin gidajen suka yi ta rufewa, wasu aka rushe, wasu aka mai da su wani abu dabam. Abin da ya rage a bakin mutane shi ne suna, sai ka ji fasinja ya ce wa direba a sauke shi Plaza ko Orion, shi kuwa bai taɓa ganin farin bangon da ake haska fim a kai ba.

Gobarar El Duniya

A cikin duk wannan tarihi akwai rana guda da ta fi kowace nauyi. A ran 13 ga watan Mayu na 1951, daidai lokacin da ake ta ƙurar gina Palace, gobara ta tashi a gidan El Duniya. Mutane kimanin 600 ne a ciki, 331 suka rasu. Binciken da gwamnati ta sa aka yi ya gano cewa faifan fim ne ya kama a ɗakin da ake haskawa, wutar ta yaɗu. Watau sinadarin nan na naitaret da ya tayar da hayaƙi a Paisley, shi ne dai ya yi wannan ɓarna a Kano shekara 21 da 'yan watanni bayan haka. Wani abin takaici kuma, a 1948 kamfanin Kodak ya riga ya fito da sabon faifai wanda ba ya kamawa haka, a farkon shekarun 1950 ma aka daina yin tsohon. Mutanen El Duniya sun rasu ne a daidai ƙarshen zamanin wannan haɗari.

Mai karatu ya auna da kansa. Waɗanda suka rasu a Kano sun ninka na Paisley sau huɗu da ɗoriya. A gari irin Kano ta 1951, mutum 331 a rana ɗaya ba ƙaramin rashi ba ne. Gidaje nawa aka yi zaman makoki, mata nawa suka shiga takaba, 'ya'ya nawa suka zama marayu? Amma ni da aka haifa a garin nan, na yi firamare da sakandare a cikinsa, ba a gida ba, ba a aji ba, ba wanda ya taɓa ambata mini El Duniya. Sai da na zo jami'a na ci karo da labarin a littafin wani masanin halayyar al'umma, Brian Larkin, mai suna Signal and Noise, wanda ya fito a 2008. Na ji daɗin samun labarin, amma na ji ciwo da ya zamana baƙo ne ya ba ni labarin mamatan garinmu, da Turanci kuma.

Dalilin shirun ba ɓoyayye ba ne. Da abin ya auku, mutane da yawa sun ɗauke shi hukuncin Allah a kan masu zuwa wurin da bai dace ba. Jita-jita iri iri ta bazu a gari, har sai da hukuma ta yi sanarwa ta rediyo tana ƙaryata wasu daga ciki. To, iyalin da ɗansu ya rasu a irin wannan wuri, a cikin irin wannan magana, ina za su sami bakin ba da labari? Sai baƙin ciki ya haɗu da kunya, aka binne mamaci aka binne zancensa tare da shi. Mutanen Paisley nasu mamatan yara ne ƙanana, ba mai ɗora musu laifi, shi ya sa tunawa ta zo musu da sauƙi. Namu kuwa an riga an yanke musu hukunci tun kafin toka ta huce.

Abin Da Za A Ce, Da Abin Da Zan Ce

Na san akwai waɗanda za su karanta wannan su ce, yanzu kai silima ce za a kafa wa alama, wurin da aka san shi da 'yan iska da mashaya? Wannan magana tana da tushe, kuma ba zan yi musun cewa an yi ɓarna a wasu gidajen ba, domin wannan ne ma dalilin da aka bayar na rufe Palace. Sai dai tunawa dabam, yabo dabam. Tarihin Kano da muke taƙama da shi ya ambaci Tsumburbura da masu bautarta, ba kuwa don a koma bautar ba, sai don a san inda aka fito. Su kuwa mamatan El Duniya, hisabinsu yana ga Ubangijinsu, Shi kaɗai Ya san da wace zuciya kowannensu ya cika. Abin da ya rage namu shi ne mu san cewa 'ya'yan wasu ne, kakannin wasunmu ne, kuma an hore mu da ambaton mamatanmu da alheri.

Bayan wannan akwai darasin da shirun ya hana mu ɗauka. A can, daga mutuwar yara 71 aka fitar da dokar ƙofa, kuma kowace shekara in an taru ana sake tuna wa masu gini da masu iko dalilin dokar. A nan, da aka ce hukuncin Allah ne aka yi shiru, sai zancen faifai da ƙofa da yawan jama'a ya bi ruwa. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai hana ɗaure raƙumi ba. Ina roƙon mai karatu, in ya shiga gidan kallon ƙwallo na unguwarsu, ko ɗakin taron biki, ko ɗakin kwanan ɗalibai, ya tsaya ya ƙirga ƙofofin, ya duba ta ina suke buɗewa, ya dubi ƙarafan da aka tokare tagogi da su, sa'an nan ya tambayi kansa in hayaƙi ya tashi mutum nawa za su fita. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Mu namu gemun ne ya taɓa kamawa, muka manta.

Wasu kuma za su ce, to, ai mutum-mutumi haramun ne, ba za a kafa mana gunki a gari ba. A nan kam ina tare da su. Abin da aka kafa a Paisley ya dace da Paisley, amma in an sassaƙa siffar mutum aka kafa a Kano, rigimar da za a yi sai ta binne abin da ake son tunawa. Sai dai alama ba lalle ta zama siffar mai rai ba. A Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso, inda ake bikin finafinan Afirka na FESPACO tun 1969, an gina wata doguwar alama a 1987 a dandalin da ake kira na masu shirya fim. Siffar faya-fayan fim ce da idon kyamara aka ɗora wani bisa wani, ba fuskar kowa a jiki, kuma duk wanda ya gan ta ya san me take nufi.

Alamar Da Ta Dace Da Mu

Mu ma ba sai mun yi aro ba, domin muna da tamu fasahar ta bango tun kaka da kakanni. Maginan Hausa sun gwanance wajen zayyana, su yi dagi da sarƙa da takobi a fuskar zaure, su shafe da makuba ko su yi masa launi. Wannan fasaha kuwa ba ta tsaya cik ba, domin a Zariya cikin ƙarnin da ya wuce magina sun zana keke da mota da agogo a fuskar gidaje, watau abin da zamani ya kawo sun shigar da shi cikin zanensu ba tare da wani ya ce sun yi saɓo ba. Wanda ya iya zana keke a bango, faifan fim da injin majigi ba za su gagare shi ba.

Abin da nake hange shi ne katanga guda, a wajen ganuwa inda gidajen farko suka zauna, a wurin da jama'a suke wucewa. A ba maginan gargajiya aikinta. A fuska ɗaya a zana motar majigi da farin ƙyalle da faifai, a jera sunayen gidajen da shekarar da aka buɗe kowanne da abin da ya zama daga baya, da boko da ajami, domin dattijon da bai yi boko ba shi ma ya karanta. A ɗaya fuskar a yi ƙananan dagi 331, kowane ɗaya madadin rai guda, a rubuta ranar da abin ya auku da sanadinsa, da sunayen da aka iya tattarawa daga bakin dangi, a bar fili domin waɗanda za a samu nan gaba, a rufe da addu'a. A gefe a sa famfo, a dasa darbejiya, yadda mai tura baro da mai talla za su tsaya su sha ruwa su huta, ladan ya kai ga mamatan. Mu a wurinmu abin da ake yi wa mamaci ke nan, sadaka mai gudana, kuma ba na jin akwai malamin da zai ƙi ruwa da inuwa.

Dodon bango aka kira abin da farko, domin a bango yake fitowa ya ɓace. Ya dace ƙwarai a ce a bango za a rubuta tarihinsa ya zauna.

Aikin Da Ke Gabanmu

Gina katanga aikin hukuma ne da masu hali, amma abin da za a rubuta a jikinta aikinmu ne, kuma shi ne ba ya jira. Wanda yake da shekara 10 a 1951, yau ya haura 80. Masu sayar da tikiti, da masu haska fim, da masu tsiren bakin ƙofa, da 'yan kallo irin kawuna, kullum raguwa suke yi, kowane kuwa in ya tafi da nasa kason labarin yake tafiya. A wannan sashe an koya mana yadda ake zama gaban tsoho da rikoda a ɗauki tatsuniya da kirari da waƙar daka. Wannan dabara ita ce dai ake bukata a nan, sai dai a ƙara haƙuri, domin mutumin da ya yi shekara 50 yana ɓoye abu ba zai buɗe baki a zaman farko ba.

Saboda haka ina ba da shawara ga 'yan'uwana masu neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai, su dubi wannan fage. Wani ya ɗauki gida guda ya bi tarihinsa daga buɗewa zuwa rufewa. Wani ya tattara kalmomi da laƙabobi da habaicin da silima ta haifar. Wani ya nufi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ya nemo abin da aka rubuta game da gobarar 1951, ya juya shi zuwa Hausa domin jikokin mamatan su karanta da harshensu. 'Yan'uwanmu na Zariya da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Jos su ma kowa ya waiwayi garinsu, domin ba Kano kaɗai aka yi silima ba. Malamanmu kuma muna roƙon su karɓi irin waɗannan batutuwa, kada a ce ba su kai matsayin nazari ba.

Kammalawa

A taƙaice, na kawo labarin Paisley ne domin a ga cewa ƙaramin gari ya riƙe mamatansa shekara 92 har ya kafa musu alama a dandali, ya kuma fitar da doka daga cikin baƙin cikinsa. Na kawo na Kano domin a ga cewa silima, duk da ƙyamar da aka yi mata, ta shiga harshenmu da waƙarmu da littattafanmu, kuma akwai rayuka 331 da suka salwanta a ɗaya daga cikin gidajenta waɗanda kunya ta hana a ambata. Na kuma nuna cewa muna da zayyana da rubutu da sadakar ruwa, waɗanda za su ishe mu tunawa ba tare da mun taɓa abin da addini ya hana ba. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma kuma an ce waiwaye adon tafiya, ni dai a wannan batu na biyun na riƙa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a El Duniya, Ya gafarta musu, Ya kiyashe mu da irin wannan rana, mu kuma Ya ba mu ikon sauke abin da ya rataya a wuyanmu, amin.